Katin Annoba

Litinin, da hantsi

Makaranta a rufe take, mutanen da ruwa ya kora ne ke kwana a ajina. Littafin tsara darasin nan ba shi da aiki, bari in ba shi.

Shekara tara ke nan ina tara kalmomin Hausa a kan kati. Katin ma ba na kanti ba ne, kwalin sukari da na ganyen shayi nake yankawa. Kowace kalma da nata: ma'ana a sama, asali a tsakiya, misali a ƙasa. Mijina Hashim garke yake ce musu. In ya dawo ya tarar da ni a tsugune a cikinsu sai ya ce, "Malama, shanun sun sha ruwa kuwa?" To, bana dai sun sha. Kwalin da ke ƙarƙashin gado, daga A zuwa D, ya bi ambaliya. Na saman sif sun tsira, sai laima da wari.

Na fara sake rubuta A da ka. Abawa, aduwa, agwagwa, akushi, alkaki, duk sun zo da ƙafarsu. Jiya na iso wata kalma, na rubuta ta a saman kati, hannuna ya tsaya. Tana nan a kan tabarma, na danne ta da dutsen guga.

A gidan nan ba a faɗin ta. Ya Kaltum, uwar mijina, ta hana. Ta ce abin da ka kira da sunansa yakan waiwayo. "Baƙuwa" take cewa, mu ma baƙuwa muke cewa. Rubutawa ce ba ta hana ba, don ba ta san na rubuta ba: annoba.

Jiya da rana aka fita da Phebe, Maman Zion, a keke napep. Ƙofarta na kallon tawa shekara goma sha ɗaya. Ita da ke yi wa mutane jinya a ƙaramin asibitin unguwa, ita ce a kwance kan cinyar mijinta, idanu sun faɗa kamar an yi wata ana ciwo, alhali shekaranjiya ta yi shanya tana waƙa.

Litinin, bayan La'asar

Nicodemus, Baban Zion, ya dawo ɗaukar bokiti da zannuwa. Na ce ya mai jiki. Ya ce tana tantin masu amai da gudawa, ana ƙara mata ruwa, leda ta shida.

Langata mai furanni tana ɗakinsu tun ranar Juma'a. Ba lokacin tambayar langa ba ne.

Talata, da safe

Na yi mafarki ruwan ya dawo, amma a hankali, da sallama. Katunana suna iyo a tsakar gida, kowanne da wutsiya. Ina kama su da siket ɗina, in na ɗago ɗaya sai in ga rubutun ya zame ya bar farin kwali. Na farka ina jin daɗi, ban san dalili ba, sai da na ga ƙofar da ke kallon tawa da kwaɗo.

Ma'ana dai ba ta da wuya. Na rubuta: cuta mai kama mutane da yawa a lokaci guda, ta bi gida gida. Cuta ta mutum ɗaya ce, a je gaishe shi da lemo. Wannan kuwa mai zuwa gaisuwar ma a tsorace yake.

Abin dariya, da bakinmu mun mayar da ita abin wasa. Ɗalibaina in na ba su insha'i, komai annoba ne: shaye-shaye annoba, satar amsa annoba, waya annoba. Mahauta a Kasuwar Shanu suna da annobar shanu, manoma suna da ta farin dango. Ni kaina ina ƙarama, in na fasa wa Innata tulu, "annoba kawai" take cewa, tana dariya a ciki. Mun yi ta ɗaukar kalmar muna wasa da ita kamar wuƙar da ke cikin kube.

Wajen misali na bar shi fari.

Laraba, da Azahar

Masu feshi sun zo, su uku, da takalman roba da ƙyalle a hanci. Sun fesa ɗakin Maman Zion da masai da bakin ƙofa, gida duk ya ɗauki warin asibiti. Wata doguwa mai takarda ta tambayi ruwan da muke sha.

"Na leda," in ji Ya.

"Wannan rijiyar fa, Mama?"

"Wanki. Wanki kawai."

Matar ta juyo ta dube ni, wataƙila don ta ga biro a hannuna. "Haka ne, Malama?"

Na gyara ɗankwalina. Ta ɗauka na ce e, ta rubuta.

Rijiyar nan marigayi mijin Ya ne ya haƙa ta, ya bar ta sadaka. Duk layinmu na Mafoni sun san ruwanta da daɗi, har cewa ake yana da albarka. Ambaliya ta haye bakinta ta kwana huɗu a kai. Da ruwa ya janye samari suka yashe ta sau ɗaya, suka leƙa suka ga fuskokinsu, aka ce ta yi.

Ya Kaltum ba ta shan na leda, ta ce warin roba yake. Tun Lahadi nake tafasa na randarta a ɓoye in bar shi ya huce. Ɗazu ta kurɓa ta ce rijiya ta yi fushi, ɗanɗanonta ya tafi.

Alhamis, da hantsi

Na je wajen Malam Ba'ana, tsohon malamin Larabcinmu. Na same shi a kan soro ya baje littattafansa a rana, yana buɗe su shafi shafi da tsinken tsintsiya. Wasu sun kumbura sun zama kamar burodi.

"Wushe, sannu da zuwa, Malama. Kin zo ta'aziyyar littattafai?"

Na ce na zo neman asalin kalma. Da na faɗa masa, a hankali, sai ya yi dariya.

"Faɗi da ƙarfi mana, ba ta da kunne. Wannan tamu ce, daga Larabci. Nauba. Kin ga yadda kuka haɗiye annabi da annuri da kansu da ƙafarsu? Haka kuka haɗiye an-nauba."

"Me take nufi can?"

"Zagayowa. Layi. Masu gadi in suna karɓa-karɓa, kowa da naubarsa. Zazzaɓin da ke tafiya ya dawo, shi ma nauba. Daga nan ta zama masifar da ke sauko wa mutum in nasa ya zo. Su Larabawan ma in cuta ta game gari wata kalma suka fi faɗa, waba'. Mu ne muka zaɓi mai layin. Haka na karanta, Allah ne masani, littafin da zan nuna miki ga shi can ya zama kunu."

Na dawo a ƙafa ta ƙarƙashin itatuwan dalbejiya. Kowane bango da zanen inda ruwa ya tsaya, miƙaƙƙe, kamar wani ya bi gari da abin ja-layi. Ina tafe ina tunanin mutumin da ya fara ɗauko kalmar nan. Wataƙila wani fatake ne, ya zauna a bakin zaure yana kallon ana fita da makara daga gida na farko, sannan na biyu, shi yana na biyar. Bai ce cuta ba, bai ce mutuwa ba. Ya ce layi ne.

Na cika wajen asali. Rubutun ya yi kyau.

Juma'a, bayan an sauko masallaci

Tun da baƙuwa ta shigo gari, tsofaffin layinmu suka tayar da abin da iyayensu ke yi: duk Juma'a gida ɗaya zai daka gero ya dama gumba, da ruwan da Liman ya yi wa tofi, a raba a ƙofar gida in an sauko masallaci, don Allah ya kawar da ita. Iyalin da suka yi sadakar ba sa sha. Yau ta gidan Alhaji Sa'id ce, can ƙarshen layi, su da ke da rijiyar burtsatse. An aiko mana. Na karɓa na gode na ajiye, ƙudaje suka sha.

Waccan Juma'ar tamu ce.

Ya da hannunta ta cika ludayin farko ta miƙa wa Maman Zion, tana shirin fita aiki da farin kayanta. Maman Zion ta tambaye ni wani abu, na amsa. Ta sha. Ta ce kai, wannan gumba ta yi. Sannan ta rusuna ta ce, "Ya, ki ba ni duka in kai wa marasa lafiyarmu mana. Sadakar da ta shiga bakin majinyaci ai ta fi lada." Ya ta ji daɗi har ta rasa inda za ta sa kanta. Mutane na tahowa daga masallaci, Maman Zion ta ɗora langar a ka ta ratsa su ta wuce. Ranar sai dabino muka raba.

Asabar, da yamma

Ba komai yau. Na yanka kwali. Langar ba ta dawo ba.

Lahadi, da hantsi

Sun bar ni na tsaya a bakin shingen waya, nesa da tantin. Na taka ruwan magani a ƙofa, na wanke hannu da wani. Baban Zion ya ɗaga labule, ga ta can a gado mai rami a tsakiya, ta zama ƙarama kamar Zion ɗin da suka bari wajen kakarta a Biu. Amma bakin yana nan.

"Malama! Kin kai B?"

"Ina A."

"Har yanzu? Wace kalma ce ta riƙe ki?"

Na faɗa mata da leɓe kawai. Ta yi dariyar da ba ta da sauti.

"Kakata da yarenmu iska take ce mata. Ki sa a katinki. Ya Kaltum fa? Me take sha?"

"Dafaffe."

"Yauwa," ta ce, ta rufe ido. Ni kuwa da na zo da magana a bakina na koma da ita gida.

Gudawar ta tsaya, in ji Baban Zion. Na yi ta murna a keke har mai keken ya waiwayo.

Litinin, bayan Azahar

Zafi. Na kwanta a kan siminti ina kallon silin, inda laima ta zana wata ƙasa mai koguna da yawa.

Shekarar da suka zo gidan nan, da Kirsimeti Maman Zion ta aiko wa Ya shinkafa da kaza. Ya ta karɓa ta gode, ta juye wa kaji, ta wanke kwanon ta zuba dabino ta mayar, don a nan ba a mayar da kwanon maƙwabci wayam. Shekara uku ana haka, Maman Zion na gani ta taga, ba ta fasa aikowa ba. A ta huɗu Ya ta zauna a tsakar gida, a gaban kowa, ta cinye har da tauna ƙashi. Tun daga ranar babu abin da ya fito daga hannun ɗayarsu ɗayar ta ƙi.

Ranar ambaliya kuwa a bayan Maman Zion Ya ta fita daga gidan nan, ruwa iya ƙirji, tana ta faɗa wai a koma a ɗauko mata carbi. Tun daga nan "feroni" take ce mata, 'yata. Ni da na auri ɗanta, da sunana Siddiƙa kawai take kirana. Na taɓa jin haushin wannan. Allah ya yafe mini, har na taɓa faɗa wa Hashim.

Talata, da safe

An mayar da Maman Zion babban asibiti. Fitsari ya ƙi zuwa. Baban Zion ya ce ƙoda ce, wai ruwan da ya fita daga jikinta da farko ya yi yawa.

Hashim ya kira daga Zabarmari, yana can yana taya ƙaninsa tsamo abin da ya rage na shinkafa. Ya ce ya gida, ya Ya, ya shanu. Na ce lafiya, lafiya, lafiya. Ya ce muryata kamar wadda ke cikin rijiya. Na kashe wayar na ce masa caji ne.

Laraba, da hantsi

Zan rubuta sau ɗaya.

Maman Zion ce ta bi ɗaki ɗaki tana cewa kome za a sha a tafasa. Ranar Alhamis ɗin na ja ruwa jarka guda, da niyyar in tafasa da asuba ya huce kafin a kai wa Liman. Da gari ya waye sai rana ta fito, irin wadda aka kwana biyu ba a gani ba. Na ce bari in shanya E zuwa K tukuna, minti goma. Na hau soro. Ina juya kati ina karantawa, ina gaisawa da kalmomin da na manta na san su. Da na sauko Ya ta riga ta sa an kai jarkar an dawo da ita.

Na ce, "Ya, bari in ɗora a wuta."

Ta ce, "Ruwan tofi ba ya hawa wuta. Ba ki dafa ba ne da safe?"

Da na ce ban dafa ba, sai in faɗi abin da nake yi a soro. Na ce na dafa.

Abin da Maman Zion ta tambaye ni, da ludayi a hannunta, a hankali yadda Ya ba za ta ji ba, shi ne: "Malama, an tafasa?"

Na ce e.

Marasa lafiyar da ta kai wa fa? Kullum ina sauraron a ce wani abu ya faru a asibitinsu. Ban ji ba. Ban kuma tambaya ba.

Alhamis, bayan La'asar

Aminat ta gidan da ke jikin namu ta leƙo ta katanga. Gobe tasu ce. Ta ce za ta turo a ja ruwa da sassafe, surukarta ta ce sadaka sai da ruwan rijiyar Ya, mai albarka. Ya ta ce a zo a ɗiba, ai don haka aka haƙa.

Mudu shida za su daka. Na san yaran da ke tsayawa a ƙofar nan da kofuna, rabinsu na koya musu baƙi da wasali.

Na ɗaga dutsen guga na dubi katin. Na mayar.

Juma'a, da hantsi

Rubutun yau zai karkace.

Da gari ya waye na ɗauki murfin rijiya na rufe, na hau kai na zauna. Ban shirya abin da zan ce ba. Zama kawai na yi, ina jin sanyin ƙarfen yana ratsa zanina, ina kallon wata tattabara a kan eriya. Sai ga Aminat da ƙannen mijinta mata biyu da jarkoki.

"Malama, ina kwana. Ɗan matsa mana."

"Ba za a ɗiba ba."

Ta yi dariya, ta ɗauka irin wasana ne. Ya ta fito da carbi a hannu.

"Siddiƙa, lafiya? Sauka."

"Ya, ruwan nan ba shi da kyau."

"Rijiyar marigayi? Shekara arba'in ana sha. Ko baƙuwar ce ta taɓa miki kai?"

"Ba baƙuwa ba ce, Ya. Annoba ce. Annoba ce, kuma tana cikin rijiyar nan."

Na faɗe ta da muryar aji, wadda ke kaiwa bencin baya. Aminat ta ja da baya tana salati. Mata suka fara leƙowa ta katanga. Ni kuwa da bakin ya buɗe sai ya ƙi rufuwa. Na ce Juma'ar da muka yi tamu sadakar ban dafa ba. Na ce ina soro ina shanya takardu. Na ce na yi wa Ya ƙarya, na yi wa Maman Zion ƙarya da ludayi a hannunta, na yi wa masu feshi shiru. Na ce ruwan randar Ya ma dafaffe ne kwana goma sha biyu, rijiya ba ta yi fushi ba. Na ce duk mai son ɗiba sai ya ɗaga ni.

Ba wanda ya ɗaga ni. Aminat ta kwashi jarkokinta. Daga baya na ji surukarta na faɗa ta bayan katanga, sannan na ji ana hura wuta.

Ya ta daɗe a tsaye. Ban taɓa ganin tsufanta ba sai yau.

"Ni na miƙa mata," ta ce. Ba da ni take ba. Ta koma ɗaki ta saki labule.

Kalmar ba ta waiwayo ba. Tattabarar ma ba ta tashi ba.

Juma'a, bayan Magariba

Na kai mata tuwo. Yana nan a bakin ƙofa yadda na ajiye.

Asabar, da Azahar

Ni na je na kira doguwar mai takarda. Ta zuba magani a rijiyar, ta sa aka ɗaure murfin da waya, ta shafa jan fenti. Ba ta yi mini faɗa ba, abin da ya fi ciwo ke nan. Ta ce, "Da ma kowa zai faɗa, Malama," ta tafi gida na gaba.

Hashim ya kira. Na gaya masa duka. Ta wayar ina jin kukan tsuntsayen fadama. Ya ce gobe yana hanya.

Litinin, da safe

Maman Zion ta rasu jiya da dare. Ba a yi shara ba yau. Mata daga cocinsu sun cika tsakar gida, suna waƙa ƙasa ƙasa da Hausa. Duk kalmomin na san su.

Talata, da hantsi

Motar Biu ta tashi da sassafe. Ba a buɗe akwatin gawar ba.

Ya ta fito jiya, karon farko tun Juma'a. Ta yafa lafayarta ta fita unguwa, ta ratsa matan cocin ta zauna a tsakiyarsu a kan tabarma, da carbinta. Wata ta miƙa mata ruwan leda. Ta karɓa ta sha, ba ta ce warin roba ba. Da wata baƙuwar fuska ta tambayi me ya sami marigayiya, Ya Kaltum ce ta amsa. "Annoba," ta ce. "Feroni ce."

Ba ta dube ni ba. Amma da za ta tashi, hannuna ta kama.

Alhamis, bayan Azahar

Na yi barcin rana na ga Maman Zion tana shanya a igiya. Abin da take shanyawa katuna ne, tana maƙale kowanne da abin maƙale kaya, tana waƙa. Na ce ki bari zan yi. Ta ce kin cika jinkiri, Malama.

Lahadi, bayan La'asar

Baban Zion ya dawo kwashe kaya. Zai koma Biu wajen 'yarsa. Ya yi sallama a ƙofata, da langata a hannu, a rufe.

"Malama, kayanki. A saman kabad na gani."

Na ce, "Baban Zion, akwai maganar da—"

"Na ji. An gaya mini abin da kika faɗa a bakin rijiya." Ya gyara riƙon langar. "Likita ya ce ba mai iya sanin inda ta ɗauka. Masu ciwon nan take taɓawa kullum, safe da yamma. Kar ki ɗora wa kanki."

Na ce marasa lafiyar da ta kai wa gumbar fa.

Ya dube ni. "Ai ba ta kai ba. Zagayawa ta yi ta bayan layi, ta shigo ta ƙofar baya, ta juye duka a masai. Ina gani. Na ce haba Phebe, sadakar mutane? Ta ce in rufe bakina kar Ya ta ji. Ta wanke langar da ruwan magani, ta sa wani abu a ciki, ta ce in ta dawo aiki za ta kawo miki da kanta. Kin san ta, ba ta mayar da kwano wayam."

Na karɓa da hannu biyu. Ba nauyi, amma wani abu na motsi a ciki. Na yi masa Allah ya kiyaye hanya, ya ce amin, Allah ya saka da zaman tare. Sai da ya fita na tuna ban ce ya gaida Zion ba.

Litinin, da hantsi

Sai yau na buɗe.

Ƙwayoyin tsaftace ruwa ne, irin waɗanda take rabawa a asibiti, sun kai ashirin. Da 'yar takarda da aka yago daga katin marasa lafiya, da rubutunta mai kwanciya:

"Malama, gumba ta yi daɗi, amma na san ɗanɗanon rijiyarmu. Wata Juma'ar ki jefa ɗaya a jarka kafin a kai wa Liman. Wannan ba wuta ba ce, Ya ba za ta hana ba. Ki jira rabin sa'a. Kar ki damu, ba wanda ya ji."

Na ɗaga dutsen guga. Katin ya yi lanƙwasa, ya ɗauki zanen ƙasan dutsen. Ma'ana na nan, asali na nan. A ƙasa na rubuta:

Misali: Annoba ta shigo gidanmu a cikin langa, maƙwabciyata ta ɗora ta a ka ta fita da ita.

Ya yi tsawo. Misalin kati bai kamata ya wuce kalma bakwai ba, ni na kafa dokar. Na bar shi haka, na sa shi a kwali bayan annashuwa.

Mai kura ya kawo ruwa. Na cika jarka, na ɓare ɗaya na jefa. Ta nutse tana ƙananan kumfa, tana raguwa, har na daina ganin ta. Ya na zaune a bakin ƙofarta da moɗa a hannu, ta ce ba a sha ba tukuna?

Na ce Maman Zion ta ce a jira rabin sa'a.

Muna jira.